Sani Daban, Amsawa Daban: Yadda Muke Shirya Yaran Boɗinga da Shagari Gasar Kacici-kacici

Duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin ana gasar kacici-kacici ya san wani irin takaici. Mai gabatarwa zai jefa tambaya, kai da ke kishingiɗe a tabarma ka ba da amsa tun bai rufe baki ba, amma yaron da ke cikin akwatin ya yi tsuru-tsuru har lokaci ya ƙare. Nan take sai ka ji wani daga gefe ya ce, "Wanga yaro bai san komi ba."

Ni ba na saurin yanke wannan hukunci. Ɗan Shagari ne ni, ina koyarwa a wata sakandare a yankin Boɗinga, kuma ni aka ɗora wa horar da ɗaliban da ke wakiltar makaranta idan gasa ta taso. Sau da yawa yaron nan da ake wa dariya ya fi mai dariyar sanin amsar. Abin da ba a koya masa ba shi ne ya fito da ita cikin daƙiƙa goma, fitila na dallare masa ido, ga tunanin cewa mutanen garinsu duk suna kallo. Aji yana koyar da sani. Amsawa kuwa wani fanni ne mai zaman kansa, sai an yi masa nasa shiri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Wace gasa ce tukuna?

Tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya ce yana son shiga ita ce: wacce? Domin kowace gasa da irin mutumin da take nema.

Manya sun fi sanin Who Wants to Be a Millionaire, shirin da aka faro a Ingila a 1998, ya iso Nijeriya a 2004 da Frank Edoho a kujerar tambaya. Tambayoyi 15 ne, kowace da zaɓi huɗu, suna ƙara tsauri kuɗin na ƙara yawa. A 2009 Aroma Ufodike ya amsa su duka ya tafi da naira miliyan 10. Wannan shiri yana neman mai ɗan sani a kan komai, mai kuma sanyin zuciya, don ba a cika matsa wa mutum da agogo ba idan ya hau kujera.

Na ɗalibai ba haka suke ba. Cowbellpedia ta samo asali ne daga gasar lissafi ta makarantun sakandare da aka fara a 1998, ta koma shirin talabijin a 2015. Sai an ci jarrabawar share fage kafin a kai ga kyamara, kuma a can akwai zagayen da ake ba yaro daƙiƙa 60 ya amsa iya abin da zai iya. InterswitchSPAK, wadda aka fara a 2018, ta 'yan aji biyu na babbar sakandare ce a fannin kimiyya: ana yin jarrabawa a kwamfuta, a tace ɗalibai 81, su ne ake gani a talabijin. A ƙasa da waɗannan akwai namu na gida: gasar makarantu inda ake zaɓar lamba a karanto tambayar da ke ƙarƙashinta, in ka kasa a miƙa wa abokan karawa a matsayin garaɓasa, da kuma kacici-kacicin da gidajen rediyo da talabijin kan yi, musamman da azumi, ana bugo waya.

Don haka aikin farko kallo ne. Nakan saukar da tsofaffin shirye-shiryen a waya idan na shiga Sakkwato, mu zauna da yaran mu kalla da biro a hannu. Ba amsoshin muke kwafa ba. Muna lura da fannin da ya fi yawan fitowa, da daƙiƙa nawa ake bayarwa, da ko ana cire maki in an yi kuskure, da yadda mai gabatarwa ke karanta tambaya. Wanda bai san dokar wasa ba, ko ya fi kowa ilimi, a banza za a fitar da shi.

Dabarar tana nan gida

Mutanen Sakkwato ba baƙi ba ne a harkar tsayawa gaban alƙalai a amsa daga ka. Tun 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, ana tasowa daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa baki ɗaya. Ba ina haɗa darajar Alƙur'ani da kacici-kacici ba ne, ko kusa. Hanyar horon nake nufi, don a wurin masu shirya yara musabaƙa na ga abubuwa uku da na ɗauko.

Na ɗaya, ba sa barin yaro ya yi ta karatu shi kaɗai yana jin ya iya. Ana rufe masa littafi, a ɗauko masa daga tsakiya, a ce ci gaba. Ɗalibin boko kuwa yakan maimaita shafi sau biyar da ido, idon ya saba da shafin, shi kuma ya zaci ya haddace. Ranar gasa babu shafi. Shi ya sa a wurinmu kowane abu da aka karanta sai an mayar da shi tambaya. Mukan yanka kwali ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya, yara su riƙa yi wa juna a hanyar gida.

Na biyu, tishi. Abin da aka haddace yau ana komawa kansa gobe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa a 1885 yana nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaitawa a rarrabe tana rage ta. Malaman allo sun daɗe da aiki da wannan. Katin da yaro ya amsa daidai sai mu tura shi ƙasan tari, wanda ya kuskure ya dawo sama, gobe ma ya sake haɗuwa da shi.

Na uku shi ne wanda ya fi kawo maki: kula da abubuwa masu kama da juna. Mahaddaci ya san ba a aya mai wuya ake yawan kayar da shi ba, a ayoyi masu kama da juna ne. Kacici-kacici ma haka yake.

Tagwayen amsoshi

Masu tsara tambaya suna son wurin da amsa biyu ke zaune kusa da juna. Ga misali daga garinmu. Kowane yaron Shagari ya san Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda aka haifa ranar 25 ga Fabrairu 1925, ya rasu ranar 28 ga Disamba 2018. Amma in aka ce wane ne shugaban ƙasar Nijeriya na farko, ɗan Shagari ya fi kowa haɗarin faɗuwa, don son gida zai riga tunani fita. Amsar ita ce Nnamdi Azikiwe, a 1963. Shagari shi ne na farko mai cikakken iko da aka zaɓa, daga 1 ga Oktoba 1979 zuwa juyin mulkin 31 ga Disamba 1983. Kalma ɗaya a cikin tambayar ce ke raba su.

Irin waɗannan muke jerawa bibbiyu a allo. An ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, amma sai 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare a Abuja. Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato kuwa 1976 aka yi ta. Kebbi ta fita daga cikinta a 1991, Zamfara a 1996, saboda haka Argungu da madatsar ruwan Bakolori, da iyayenmu suka sani a Jihar Sakkwato, yanzu ba nan suke ba. Goronyo ce tamu. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku shi ne na 17, ya yi shekara 50 a kan karaga daga 1938 zuwa 1988. Ɗansa Muhammadu Sa'ad Abubakar, da ya hau a 2006, shi ne na 20, tsakaninsu akwai Ibrahim Dasuƙi da Muhammadu Macciɗo.

Tarihin jihadi ya fi ko'ina irin wannan tarko, kuma mu a Boɗinga a tsakiyarsa muke zaune. Hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto duk a 1804 ne. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Muhammadu Bello ne ya gina Sakkwato a 1809, ba Shehu ba. Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa, ƙaninsa Abdullahi yana Boɗinga, kafin Shehun ya koma Sakkwato a 1815, inda ya rasu a 1817. Abin mamaki, yaron da ke wuce Sifawa a mota duk ranar kasuwa zai iya faɗa maka babban birnin Kanada amma ya yi shiru in an tambaye shi inda Shehu ya zauna kafin Sakkwato. Nakan ce musu duk tambayar da ta shafi gida kyauta ce aka ba ku, asararta ta fi ciwo. In hali ya yi, mukan kai su Hubbaren Shehu da gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, don abin da ido ya gani ya fi zama.

Shi kansa Shagari malamin makaranta ne kafin siyasa, ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, kuma tun a lokacin ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su riƙe labarin ƙasa da garuruwanta ta hanyar rerawa. Mun ɗauki dabarar, ba waƙar ba. Yaran da kansu suke sa wa jeri mai tsawo kari, kamar ƙananan hukumomi 23 na jiharmu ko sinadarai 20 na farko a jadawali, kuma na lura wanda suka ƙirƙira da bakinsu ba ya ɓacewa.

Akwai kuma ilimin da ke tsufa. Ƙananan littattafan tambaya da amsa da ake sayarwa a tasha suna da amfani, amma a duba shekarar bugu. Ranar Dimokuraɗiyya ta tashi daga 29 ga Mayu ta koma 12 ga Yuni. Taken ƙasa ya canza a watan Mayun 2024. Ministoci da gwamnoni da shugabannin ƙasashe kullum cikin sauyawa suke. Maganin wannan rediyo ne. Kowane ɗan tawaga yana da aikin sauraron labaran safe, na Rima Rediyo ko na BBC ko wata tasha, ya zo da sababbin abubuwa uku a rubuce.

Agogo da kunne

Ranar Alhamis da yamma muke atisaye, saboda babu Islamiyya, kuma da damina mukan yi haƙuri da samarin da gona ta riƙe. Kayan aikinmu benci biyu ne, da ƙararrawar makaranta, da agogon waya. Daga makon farko babu tambayar da ake yi ba tare da agogo ba. Mukan fara da daƙiƙa 20, mu sauko 15, mu sauko 10. Idan gasar na ba da 15, mu a gida 10 muke bayarwa, don ranar ta zo musu da sauƙi.

Ga masu lissafi, abin da ke cin lokaci ba tambayar ba ce, ƙananan lissafin cikinta ne. Yaron da sai ya rubuta kafin ya san 17 sau 17 ya riga ya rasa zagayen daƙiƙa 60. Saboda haka ana haddace jadawalin sau har zuwa 20, da sakamakon lamba sau kanta har zuwa 30, da cewa ɗaya bisa takwas shi ne 0.125, har su zama kamar sunan mutum, ba a tunani kafin a faɗa.

Sai kunne, wanda a ganina shi ne babbar matsalar yaranmu a gasar ƙasa. Da Turanci ake tambaya, a Legas ake ɗaukar yawancin shirye-shiryen, kuma harshen mai gabatarwa ba irin na malaminsu ba ne. A Turanci 15 da 50, ko 13 da 30, sautinsu ya yi kusa ƙwarai, in an faɗa da sauri. Yaro yakan juya tambayar zuwa Hausa a ransa, ya warware, ya sake juya amsar, kafin nan rabin lokaci ya tafi. Abin da nake yi shi ne in roƙi masu yi wa ƙasa hidima da aka turo mana daga kudu su riƙa karanta tambayoyin da irin saurinsu da lafazinsu. Makonnin farko yara kan sha wuya, daga baya kunnen ya buɗe. Ina kuma horar da su jiran ƙarshen tambaya, don ƙaramar kalmar korewa ko togiya takan zo a ƙarshe ta juya ma'anar gaba ɗaya. In zaɓi ne, a faɗi harafin a haɗa da amsar, saboda B da D a makirufo ɗaya suke fita.

Inda ake danna maɓalli, shi ma sai an koya. A shirin Jeopardy na Amurka, wanda ya danna kafin a gama karanta tambaya ana toshe nasa maɓallin na ɗan lokaci. Ken Jennings, da ya ci wasa 74 a jere a 2004, ya kara da mutane da yawa masu ilimi. Iya lokacin dannawa na cikin abin da ya raba shi da su. Mu da ba mu da maɓalli, biro mai dannawa muke ba kowa ya riƙe.

Kunya, kyamara da iyaye

Mun yi wa yaranmu tarbiyyar sunkuyar da kai da sassauta murya a gaban babba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a zauren gasa amsar da alƙali bai ji ba, ba a ba da ita ba. Wata ɗalibata, wadda ta fi kowa a ajinta, in aka tambaye ta sai ta ja hijabi ta rufe baki ta yi magana ƙasa-ƙasa. Bayan atisaye ta ce mini, "Malam, wallahi na san ta, hwaɗin na yab buwaye ni." Ban yi mata faɗa ba. Na sa ta riƙa karanta sanarwa a taron safe, na kuma riƙa ɗaukar atisayenmu a waya su kalli kansu. Yaro in ya ga yadda yake wasa da yatsu ko yake kallon ƙasa, da kansa yake gyarawa. Daga baya mukan tara 'yan ƙananan azuzuwa su zama 'yan kallo, su yi tafi, su yi surutu, don a saba amsawa cikin hayaniya.

Shirin ba ya kammala sai an je gida. Mahaifin yarinyar nan da na je neman izini ya dube ni ya ce, "Malam, in ɗiyag ga ta hwaɗi, duniya duka za ta gani ke nan?" Na ce, "Baba, in ta ci ma duniya duka za ta gani." Ya yi dariya, amma abin da ya kwantar masa da hankali ba wannan ba ne. Bayani ne dalla-dalla: malama mace za ta raka ta, ga inda za su sauka, ga wanda ya ɗauki nauyin mota da abinci, ga ranar dawowa. Iyaye suna da haƙƙin wannan bayani, kuma malamin da ya tsallake shi, shi ya jawo a hana.

Sauran ƙananan abubuwa su ma kan kayar da mutum tun kafin tambaya ta farko. A tanadi takardar haihuwa, da katin makaranta, da wasiƙar shugaban makaranta, don gasar ɗalibai tana da iyakar shekaru da aji. A san cewa yawanci ɗaukar shirin ake yi a ajiye, ana iya wuni ana jira, ɗakin kuma da sanyin na'ura wanda ɗan Sakkwato bai saba da shi ba. A ci abinci, a yi barci, kada a buɗe sabon littafi a daren ƙarshe. Sannan a kiyayi 'yan damfara: duk saƙon da ya ce ka ci gasar da ba ka shiga ba, ko ya nemi kuɗi ko lambar sirrin banki kafin a ba ka kyauta, ƙarya ne.

Sanin lokacin yin shiru

Dabara ta ƙarshe lissafi ce. In zaɓi huɗu ne kuma ba a cire maki, kada a bar tambaya ta wuce: cankar makaho ma ɗaya cikin huɗu ce, in ka kore biyu ta zama rabi da rabi. In ana cirewa, ko garaɓasa za ta koma ga abokan karawa, sai a auna. A tsarin Millionaire da aka saba, tambaya ta 5 da ta 10 matakan tsira ne, abin da ka tara a nan ba ya zubewa. Tsakaninsu kuwa kuskure ɗaya na mayar da mutum baya, kuma akwai damar ya ɗauki abin da ya samu ya sauka. Mutane da yawa sun yi asara ba don jahilci ba, sai don jin kunyar cewa "ban sani ba" a gaban jama'a. A shirin ana iya kiran wani a waya ya taimaka, amma shi ma daƙiƙa 30 ce gare shi, don haka ba mai digiri mafi yawa ake zaɓa ba, mai saurin magana ake zaɓa, wanda kuma zai faɗi gaskiya in bai tabbata ba.

In tawaga ce, a raba fannoni tun a gida: wannan tarihi da addini, wannan kimiyya, wannan wasanni da labaran yau. A kuma yanke wanda maganarsa ce ta ƙarshe, don na ga tawagar da lokaci ya ƙare mata 'ya'yanta biyu suna gardama da raɗa, alhali dukansu amsa ɗaya suke nufi.

Abin da nake fata shi ne gasar boko ta samu matakalar da musabaƙa ta samu. Makarantun da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, daga Boɗinga zuwa Shagari da Yabo da Tambuwal, za su iya karawa kowane zango, a gayyato talabijin ta Rima ko NTA Sakkwato su ɗauki zagayen ƙarshe. Yaron da ya tsaya gaban kyamara a gida ba zai firgita da ta Legas ba.

Kuma ko wanda ba zai taɓa shiga talabijin ba, horon bai faɗi ƙasa ba. Duk mai neman jami'a sai ya zauna gaban kwamfutar JAMB, tambaya 180 cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 kowace tambaya, da zaɓi huɗu masu kama da juna, da agogo yana tafiya a kan allo. Wannan gasar ba a neman izinin kowa kafin a saka yaro a cikinta, kuma kyautarta ta fi ta talabijin tsada. Shi ya sa atisayen Alhamis ɗinmu ba na 'yan tawaga kaɗai ba ne. Duk ɗalibin da ya zo, akwai wuri a benci.